Likita ya ce in motsa jiki, gwiwa kuma ta ƙi tsalle: ya zan yi?

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai shekara 64, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna, na yi ritaya daga koyarwa a firamare. Ina da hawan jini, kullum ina shan amlodipine, ga ƙiba, ga ciwon gwiwa da likita ya ce amosanin gaɓɓai ne. Ya ce in riƙa motsa jiki, amma bai ce ga yadda zan yi ba. Tunda nake ban san wani motsa jiki ba sai aikin gida, shi ma surukata da jikoki sun karɓe. Ɗana da ke Abuja ya turo min bidiyo ta WhatsApp, wasu Turawa suna tsalle da tsugunno na sakan 30, su huta, su sake. Ya ce shi ake yayi. Na yi kwana biyu ina bin su, gwiwata ta kumbura, sati guda ina salla a zaune, sai da na aika aka karɓo min haɗin magani a kemis. Yanzu 'ya'yana mata sun ce in haƙura in zauna, tsufa ne. Ga shi sun biya mana Umara ni da ƙanwata nan da wata 7, kuma ba na so a tura ni a keke. Sannan gaskiya ina jin kunyar a gan ni ina zabga sauri a layi kamar wadda aka biyo. Mene ne mafita?

Wata uwa daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam, Mama. Sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa, ya sa a je Umara lafiya a dawo lafiya.

A duk abin da kika lissafa, maganar 'ya'yanki mata ta "ki haƙura ki zauna" ce ta fi tayar min da hankali, ta fi bidiyon ma. Na san ƙauna ce ta sa suka faɗa. A gidajenmu gata shi ne a hana tsohuwa ɗaga ko tsinke: ta miƙe za ta ɗauko buta a ce "Mama zauna, bari a kawo miki", za ta leƙa barka layi biyu a tsayar mata da Keke Napep. Kumburin da tsalle ya jawo miki sati guda ya yi ya sauka. Ɓarnar zama kuwa a ɓoye take tafiya, babu kumburi babu zogi, sai dai wata rana a wayi gari tashi daga kan sallaya ya zama sai an kama ki.

Ga yadda abin yake. Guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙasusuwan gwiwa ba shi da jijiyoyin jini da za su kai masa abinci. Daga ruwan da ke cikin gaɓar yake samu, kuma aikinsa irin na soson wanke-wanke ne: a matse ya fitar da ruwa, a saki ya tsotsi sabo. Kowane taku da kika yi matsawa ce da saki. Ƙafar da ta wuni a miƙe kan tabarma ba ta samun wannan. Sai kuma tsokar gaban cinya, wadda ita ce ke riƙe gwiwa, take tare mata wani kaso na nauyi duk lokacin da kika taka ko kika tashi. Tsoka in ba a aiki da ita zubewa take yi, a shekarunki kuma zubewar ta fi sauri. In ta zube, aikinta ya koma kan gaɓar da dama ciwo take. Ciwon ya sa a ƙara zama, zaman ya ƙara ciwon. Wannan ya sa likitocin ƙashi da na gashin ƙashi, wato masu gyara gaɓɓai ta hanyar motsa jiki, a maganar amosanin gwiwa, suke sa motsa jiki da rage nauyi a gaba, ƙwayar magani ta biyo baya.

Ɗanki kuma, ki yi masa adalci. Tsarin da ke cikin bidiyon nan, wato a ƙara ƙaimi na ɗan lokaci, a sassauta, a sake ƙarawa, tsari ne mai kyau, kuma ya dace da dattawa fiye da yadda mutane ke zato. Abin da aka ɗora a kan tsarin ne bai dace da ke ba. Mai tsalle in ya dira, gwiwarsa na karɓar nauyin da ya ninka na jikinsa. Tsugunno har ƙasa na matse ƙoƙon gwiwa. Ga shi kin bi saurin wasu matasa da ba su san da ke ba, ba ki ɗumama jiki ba, kuma kin jera kwana biyu. Ko mai lafiyayyar gwiwa da bai saba ba zai ji a jikinsa.

Akwai masu yin wannan tsari da tafiyar ƙafa zalla. A Jami'ar Shinshu da ke birnin Matsumoto a ƙasar Japan, Farfesa Hiroshi Nose da abokan aikinsa sun daɗe suna gwada shi a kan manya da dattawa: minti 3 da sauri, minti 3 a hankali, a maimaita sau 5, aƙalla kwana 4 a mako. A sakamakon da suka fitar a 2007, mutanen da matsakaicin shekarunsu 63 ne, wato sa'anninki, bayan wata 5 sun fi waɗanda suka yi ta tafiya da taku iri ɗaya samun ƙarfin cinya da ƙarfin numfashi, jininsu ma ya fi sauka. Hikimar ba ta da wuyar ganewa. Zuciya da tsoka sai an ɗan matsa musu suke ƙara ƙarfi, amma dattijai kaɗan ne za su iya minti 30 suna sauri ba tsayawa. Minti 3 kuwa ana iyawa, in an san akwai sassauci a gaba. In aka tara guntayen, an samu minti 15 na aiki mai ƙarfi wanda da a jere ne ba zai yiwu ba. A birnin Trondheim na Norway ma an bi mutum fiye da 1,500 masu shekara 70 zuwa 77 tsawon shekara 5, wani rukuninsu na yin irin wannan sauri da sassauci, kuma da aka fitar da sakamakon a 2020 wannan rukunin ne ya fi ƙarfin jiki. Sai dai yawancin waɗancan tsofaffin dama masu kuzari ne, don haka darasin da za ki ɗauka daga gare su ɗaya ne: shekaru kaɗai ba su hana.

Minti 3 ɗin nan wurin da za ki isa ne nan da wata biyu ko uku. Ba daga nan za ki fara ba.

Kafin komai ki koma wajen likitanki, kuma ki tafi da ragowar haɗin nan na kemis ko ledarsa. Ina so ki ɗauki wannan da muhimmanci. Magungunan kashe raɗaɗi irin su diclofenac da ibuprofen suna iya tayar da hawan jini, su taɓa ƙoda, su jawo gyambon ciki, kuma mai shekarunki ta fi matashiya shiga wannan haɗarin. Wani haɗin kuma akan jefa prednisolone ko dexamethasone a ciki. Su ne ke sa mutum ya ji garau cikin kwana ɗaya ya yi ta sa wa mai kemis albarka, alhali in aka daɗe ana sha suna tayar da suga da jini, su ƙara ƙiba, su raunana ƙashi. Idan kin jera makonni kina sha, kada ki yanke shi da kanki rana ɗaya, likita ne zai tsara yadda za a janye. Ki roƙa a gwada miki jini da suga, a saurari zuciyarki, ki faɗa masa ƙarara cewa tafiya mai sauri da sassauci kike so ki fara. Ki kuma nemi ya tura ki sashen gashi. Asibitin Yusuf Dantsoho na nan kusa da ke, ga kuma Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari. Mutane sun ɗauka sashen gashi na masu shanyewar ɓarin jiki ne da masu karaya kawai, alhali duba gwiwa irin taki da tsara mata motsin da ya dace da ita na cikin ainihin aikinsu. Ɗanki kuma ki ce ya aiko da na'urar gwajin hawan jini ta ɗaurawa a damtse da takalmin kambas mai taushin ƙasa daidai ƙafarki. Duk ranar da kika gwada kina zaune kin huta, kika ga jinin ya kai 180 bisa 110 ko ya wuce, babu tafiya ranar, asibiti za a je.

To wane irin sauri? Nan ne mutane suka fi ɓata. Ma'aunin na jikinki, kuma numfashinki ne. A lokacin sassauci ya zama za ki iya hira da ƙanwarki ba tare da kin katse zance ba. A lokacin sauri kuma, in maƙwabciya ta gaishe ki za ki iya cewa "Lafiya lau, ya gida, ya yara?", amma in ta tambaye ki labarin bikin jiya za ki ji gara ki bari sai kin sassauta. In har amsa gaisuwar ta gagara sai da haki, kin wuce gona da iri, ki rage. In kuma kina iya rera waƙa cikin nishaɗi, ba ki kai ba. Kada ki wahalar da kanki da ƙirga bugun zuciya da lissafin da ake yaɗawa a intanet. Ga masu shan wasu magungunan hawan jini irin su atenolol ma lissafin ruɗi ne, don maganin na danne bugun. Kuma ki lura, saurin ba faɗaɗa taku ba ne. Taku gajere, akai-akai, hannuwa na lilo, ƙirji a miƙe, ido a gaba. Mai miƙa ƙafa can gaba don ta yi sauri dunduniyarta ke dukan ƙasa, dukan kuma a gwiwa yake ƙarewa.

Makonni biyun farko ki yi haka, kwana 3 a mako, da hutun kwana a tsakani. Minti 5 na tafiya a hankali, irin ta zuwa maƙwabta, har ki ji gwiwa ta saki. Sai sakan 30 na sauri, minti ɗaya da rabi na sassauci, ki maimaita sau 5. Sai wani minti 5 a hankali ki rufe da shi. Duka minti 20 ke nan, saurin da ke ciki kuma minti biyu da rabi ne kacal. Za ki raina shi, na sani. Ki bar shi a haka. Numfashi kan riga gaɓɓai sabawa, shi ya sa a mako na biyu ko na uku mutum kan ji zai iya ninka abin, ya ninka, gwiwa ta tuna masa ba da ita aka yi shawara ba. In ma minti 20 ya yi miki yawa a farko, ki raba shi biyu, safe da yamma, ko ki fara da tafiya a hankali zalla na sati guda.

Minti 5 na ƙarshen nan kada ki tsallake shi. Mai shan maganin hawan jini in ta yi sauri ta tsaya cak, jini kan taru a ƙafafu, sai jiri ya ɗebe ta. Ki sauko a hankali, kuma ki sha ruwa kafin ki fita da bayan kin dawo.

Daga nan ki riƙa ƙarawa duk bayan mako biyu, abu ɗaya a lokaci ɗaya. Sakan 30 ya koma minti 1 da sassaucin minti 2. Bayan nan minti 2 da minti 2 ko 3. Sai minti 3 da minti 3, ki fara da zagaye 3, ki haura zuwa 5. Makon da kika tsawaita saurin, kada ki ƙara yawan zagaye ko yawan kwanaki. In duba agogon waya zai dame ki, ki yi da alama: daga wannan falwaya zuwa waccan sauri, falwaya uku na gaba sassauci. Ko ki ba wani jikanki wayar ya riƙa ce miki "Kaka sauri", "Kaka a hankali". Yara na son a ba su irin wannan muƙamin.

Alƙalin ko kin yi daidai ita ce gwiwar, kuma washegari da safe take yanke hukunci. Ɗan ciwo mai sauƙi lokacin tafiya, wanda bai sa ki ɗingishi ba, kuma ya koma yadda kika saba kafin gari ya waye, ba alamar ɓarna ba ce. Tsamin jiki a cinya da sharaɓa kwana ɗaya ko biyu bayan sabon aiki shi ma ba komai, tsoka ce ke sabawa. Amma in kika tashi gwiwa ta fi jiya ciwo, ko ta kumbura, ko ta riƙe fiye da yadda ta saba, to abin da kika yi ya yi mata yawa. Ki huta kwana ɗaya ko biyu, ki koma matakin da ya gabata. Ba dainawa za ki yi ba, ja da baya ne taki ɗaya. Saboda wannan ne ba na so ki sha maganin kashe raɗaɗi don ki samu ki fita tafiya. Kin toshe bakin mai ba ki labari ke nan.

Akwai kuma alamomin da ba a jira washegari a kansu. Ciwo ko nauyi ko matsi a ƙirji, musamman in yana tafiya hannu, kafaɗa, wuya ko muƙamuƙi. Hakin da ya ƙi lafawa bayan kin sassauta. Jiri kamar za ki faɗi, zufa mai sanyi, tashin zuciya, ko bugun zuciya ya rikice. Ki tsaya nan take, a kai ki asibiti, kada a ce bari a jiƙa wani abu a gani. Mata sau da yawa ciwon zuciya ba ya zo musu da ciwon ƙirji mai tsanani, sai dai wata irin kasala da ƙarancin numfashi. Haka nan gwiwar da ta yi ja ta ɗau zafi, ko take maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko take sulluɓewa ta nemi kayar da ke, ko sharaɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, duk na likita ne.

Yanzu maganar kunya. Ba zan ce miki ba komai ba ne, don na san layukanmu. Dattijuwa ta fito da sassafe da kambas, kafin ta kai bakin titi mutum uku sun tambaye ta "Lafiya dai, Mama? Wani abu ya faru?" Amma saurin da nake nufi bai kai na wadda aka biyo ba. Bai wuce na wadda ta ji an ta da iƙama tana so ta samu raka'ar farko ba, kuma sakan 30 ne. Yawancin mutane ba za su ma lura ba. Waɗanda suka tambaya kuma amsa ɗaya ta ishe su: "Likita ne ya sa ni." Ba a ja da wannan. Sannan ga ƙanwarki, wadda tafiyar Umarar nan da ita za a yi, ƙafafunta ma na buƙatar shiri. Mata biyu da hijabansu suna tafe suna hira ba abin kallo ba ne, kuma ranar da ɗaya ta ji ƙiwuya ɗayar za ta buga mata ƙofa.

In duk da haka kin fi son cikin gida, tsakar gida ta isa a watan farko. Ki dai riƙa zagayawa da faɗi, kada ki je bango ki murɗa a kan ƙafa ɗaya ki juyo, don murɗawar nan gwiwa ba ta son ta. A kwashe turmi da bokitai da igiyar shanya daga hanya. Ke da kika koyar a firamare kin fi ni sanin cewa filin makaranta bayan an tashi fayau yake, ƙasarsa kuma ta fi siminti taushi. Ki nemi izini a wadda ke kusa da ke. Dandalin Murtala ma jama'a na zuwa motsa jiki da safe, amma daga Tudun Wada sai an hau abin hawa, don haka ki bar shi na ranar da wani cikin yara ya samu sarari. Abin da sai an nemi mota ba ya ɗorewa. Duk inda kika zaɓa ya zama shimfiɗaɗɗen wuri. Ki guji gangara, don saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ki guji bakin kwalbati da ramuka. Silifas kuma a bar su a ƙofar banɗaki. Hijabin da ke jan ƙasa da zanen da ya ɗaure ƙafa tamau su ma suna kayar da mutum. Doguwar riga mai faɗi da wando a ciki ta fi.

Lokaci kuwa yanayin gari ne zai zaɓar miki. A hunturu, Disamba da Janairu, sanyin asuba na ƙara sandarar da gaɓɓai, ga ƙura. Ki bari sai hantsi, ki tsawaita ɗumama jikin, ranar da hazo ya rufe gari ki yi a baranda. A zafin Maris da Afrilu sai dai bayan sallar asuba in gari ya yi haske, ko la'asar sakaliya. Da damina, musamman Agusta, santsi ne abin tsoro.

Ranar ruwa ko ranar da gwiwa ta tashi da rigima, ki yi shi a zaune. Ki samu kujera mai ƙarfi, ba ta roba mai sulɓi ba, ki jingina ta da bango. Ki riƙa ɗaga gwiwoyi ɗaya bayan ɗaya kamar mai maci, hannuwa na aiki, sakan 30 da ƙarfi, minti 1 a hankali. Za ki yi mamakin yadda numfashi zai hau. In akwai keken motsa jiki na girke a inda za ki samu, shi ma yana yi wa gwiwa daɗi, a dai ɗaga sirdin yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka. Motsa jiki cikin ruwa ya fi su duka sauƙi ga gaɓɓai, amma ni da ke mun san ba za ki shiga kwamin wanka ba, don haka na wuce.

Tafiya kaɗai ba za ta gina cinyar nan yadda ake so ba. A jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ta ce masu shekara 65 zuwa sama su samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, su ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, su kuma yi abin da ke daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 don gudun faɗuwa. Saura shekara ɗaya ki shiga layinsu, don haka ki ɗauka da ke ake. Kada adadin ya tsorata ki, hukumar da kanta ta ce kaɗan ya fi babu. Na ƙarfafa tsokar, wanda na fi so miki shi ne tashi da zama. Ki zauna a kan kujera mai tsayi, ba 'yar tsugunno ba, ki matso bakinta, ki tashi tsaye, ki koma a hankali ba faɗawa ba. Sau 5 zuwa 8, ki huta, ki sake. Da farko ki dafa hannun kujerar, a hankali ki saki. In tana yi miki ƙasa, ki ɗora filo. Wannan shi ne tsugunnon da ya dace da ke, kuma shi ne zai sauƙaƙa miki tashi daga sujada. Ki haɗa da dafa bango kina ɗage sau 10, da kwanciya rigingine kina ɗaga ƙafa ɗaya a miƙe, ɗayar a lanƙwashe. Kada ki riƙe numfashi lokacin yunƙuri, riƙewar na tayar da jini. Na daidaita tsayuwa kuma, ki tsaya kusa da bango ko taga, ki ɗaga ƙafa ɗaya na sakan 10, hannunki dab da abin kamawa. Ana iya yin wannan ana jiran ruwan shayi ya tafasa.

A kan ƙiba, ɗanki ya ɗan zuzuta. Tafiyar minti 30 ba ta ƙona abin da kwalbar lemo biyu ba za su mayar ba. Ribarta ta farko a numfashi ne da hawan jini da suga da barci da ƙarfin ƙafa, kuma wannan za ki iya samu ko sikeli bai motsa ba. Rage nauyin a kwano yake: malmalar tuwo ta ragu, miyar ganye ta ƙaru, sugan shayi da lemon kwalba su ja baya, gishiri da dunƙulen ɗanɗano kuma saboda jinin. Ba sai an zube da yawa ba. An auna an ga kowane kilo ɗaya da mai amosanin gwiwa ya rage yana sauke wa gwiwar kimanin kilo 4 a kowane taku.

Umara kuwa, wata 7 lokaci ne mai kyau in aka fara yanzu. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, sawu bakwai ɗin, ya kai wajen kilomita 3. Ga ɗawafi, wanda in cunkoso ya tura ku hawa na sama zagayensa ya fi tsawo sosai, ga zirga-zirga daga masauki zuwa Harami, a kan daɓe mai tauri. Abin da ake buƙata a can juriya ce, don haka a watanni biyun ƙarshe ki ware rana ɗaya a mako ta doguwar tafiya a hankali, ki fara da minti 30, ki riƙa ƙara minti 5 har ki kusa awa guda. Ba zan yi miki alkawarin ba za ki hau keke ba, don ban ga hoton gwiwarki ba. In an je kin ga ɗawafi da ƙafa ya yiwu amma sa'ayi ya gagara, ki hau abinki. Ibadar ta yi, kamar yadda sallarki ta zaune ta yi: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa.

Ki samu ɗan littafi, ke da kika saba da rajista. Kowace rana ki rubuta minti nawa kika yi, awon jini, da yadda gwiwa ta kwana. Bayan mako 6 zuwa 8 ki kai wa likita. In jinin ya sauka yana iya sake duba maganin, amma shi zai taɓa shi, ba ke ba. In kuma gwiwar ba ta nuna sauƙi ba duk da kin bi a hankali, littafin ne zai nuna masa inda za a gyara, ko a sake ɗaukar hoton ƙashi.

Idan kina azumin Litinin da Alhamis, ki sa ranakun tafiyarki Lahadi, Laraba da Juma'a, tashi da zaman kuma ki yi shi bayan kin dawo daga tafiyar, jiki na da ɗumi. In Ramadan ya faɗo cikin watannin nan, ki mai da tafiyar bayan buɗa-baki da kamar awa ɗaya ko biyu, a tsakar gida inda akwai haske, ki rage zagayen zuwa rabi, bayan ƙaramar salla ki ɗora daga matakin da ke ƙasa da inda kika tsaya.